Tsakiyar kakata ta Wurno da hannun Indiyawa

1/ Jama'a ku matso. Bara muna gyaran ɗakin kakata a Wurno muka tsinci tsakiya, jajayen duwatsun wuyan nan, a adaka. Wani dillali ya taya abin da bai kai kuɗin tiya biyar ta shinkafar Goronyo ba. Saura ƙiris mu sallama.

2/ Sai na bi asalinta. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, fatake da alhazai ke shigo da irin duwatsun nan ta Makka da Masar. Da yawa aikin Kambay ne, a jihar Gujarat ta Indiya.

3/ Can ake gasa dutsen cikin tukunya har ya yi ja, a sassaƙe shi da gudumar ƙaho, a goge. Hudawa kuma da tsinke mai ɓarɓashin lu'ulu'u, wato daimon, a baki. Ɗaya bayan ɗaya, da hannu.

4/ Yau a Surat, cikin wannan jihar, ake yanke mafi yawan daimon na duniya. Daimon ke goge daimon, har a fitar da fuska 57 ko 58. Kuɗinsa na bin abu huɗu: nauyi, launi, tsabta, yanka. Karat biyar ne giram ɗaya.

5/ Mun fasa sayarwa. 'Yan Rabah da Goronyo, ku duba adakar iyayenku mata. Kafin ku sallama wa dillali, ku tambayi tsohuwa inda ta samo.