Barkwancin Miji da Mata a Fim ɗin Binciken Kisa: Daga Holiwud zuwa Bombay da Kano

Fim ɗin binciken kisan kai mai haɗe da barkwanci, wato wanda ake bin sawun mai laifi a cikinsa alhali 'yan kallo suna ta dariya, ya samu siffar da aka san shi da ita ne a watan Mayun 1934, lokacin da kamfanin MGM na Amurka ya fitar da The Thin Man, fim mai hoto baƙi da fari da aka ɗauko daga littafin Dashiell Hammett. Marubucin ya taɓa yin aikin bincike a kamfanin Pinkerton, wanda ke ba da hayar masu bin diddigin laifi, don haka ya san sana'ar daga cikinta. Labarin bai da wuyar faɗa: wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, Clyde Wynant, ya ɓace, an kashe sakatariyarsa, 'yarsa kuma ta roƙi Nick Charles, tsohon mai bincike da ya ajiye aiki bayan ya auri Nora, 'yar masu dukiya, da ya nemo mata mahaifinta. Siririn mutumin da sunan fim ɗin yake nufi shi ne Wynant, amma 'yan kallo suka liƙa wa Nick sunan, kamfanin kuma ya bi su a haka har fina-finai shida, na ƙarshensu a 1947.

Wannan ruɗanin suna ya nuna inda hankalin mutane ya tafi, domin kaɗan ne suke fita daga kallon suna tuna wanda ya yi kisan, alhali kowa yana tuna yadda William Powell da Myrna Loy, waɗanda suka fito a matsayin Nick da Nora, suke jifan juna da magana. Kafin lokacin, al'adar fina-finan soyayya ita ce labari ya ƙare da ɗaurin aure, kamar babu sauran abin kallo a zaman da ke biyo baya. A nan kuwa an fara ne da mutanen da suka riga suka yi aure, suna tsokanar juna ba tare da raini ba, matar tana ingiza mijin ya karɓi binciken saboda tana son ta ga yadda ake yi, shi kuma yana nuna kasala da gangan, ga karensu Asta yana shiga tsakani. Ana yawan cewa jininsu ne ya haɗu, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai tarihin yadda aka yi fim ɗin ya nuna cewa haɗuwar jinin nan aiki ne na sana'a da mutane da yawa suka sa wa hannu.

Na farko shi ne mai ba da umarni, W. S. Van Dyke, wanda ya lura da yadda Powell da Loy suke raha a bayan fage sa'ad da yake ɗaukarsu a Manhattan Melodrama a farkon shekarar, ya kuma nace sai an ba shi su, duk da cewa shugabannin kamfanin ba su gamsu da Loy ba, tun da an daɗe ana sa ta a matsayin muguwar mace 'yar Gabas mai makirci, kamar a The Mask of Fu Manchu na 1932. Van Dyke ya yi suna wajen ƙin maimaita ɗauka, ya kuma kammala aikin cikin kimanin mako biyu, abin da ya hana maganganun su yi tsami a bakin 'yan wasan. Waɗanda suka rubuta zantukan, Albert Hackett da Frances Goodrich, su ma miji da mata ne, kuma an umarce su da su fi ba hirar ma'auratan ƙarfi a kan sarƙaƙiyar kisan. Sai kuma tsarin kwantiragi na wancan zamani, wanda ke ɗaure ɗan wasa ga kamfani ɗaya na shekaru, shi ya ba MGM damar haɗa Powell da Loy a fina-finai 13, har jama'a da dama suka ɗauka ma'aurata ne na gaske, alhali ba su taɓa auren juna ba. Akwai abin da mai kallo Bahaushe ba zai ji daɗinsa ba, wato yawan shan giya da aka mayar abin dariya, wanda ke da nasaba da ɗage dokar hana giya a Amurka a Disambar 1933.

A Kano, gidan sinima na Rex ya buɗe a 1937 a hannun 'yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan, kuma fina-finan Ingila da Amurka ne ake nunawa a shekarun farko. Sinima, wadda ake biyan kuɗi a shiga, ta bambanta da majigi, wanda gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da shi a mota tana nuna darussan tsafta da noma kyauta a ƙofar fada. Tun farko ba a ɗauki sinima wurin mutunci ba, gobarar gidan El Duniya ta Mayun 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara mata baƙin jini, buɗe gidan Palace a cikin birni a 1952 kuma ya jawo fushin jama'a. Matan aure ba sa zuwa, macen da aka gani a can kuwa sunanta ya ɓaci, don haka irin fim ɗin da ya ginu a kan zumuncin miji da mata ya iske ɗakin kallon da miji ba zai shiga da matarsa ba.

Akwai kuma dalili mafi zurfi. Hausawa sun ware wa tsokana gurbinta: tsakanin taubasai, tsakanin kaka da jika, tsakanin mace da ƙanin mijinta, tsakanin Fulani da Barebari. Miji da mata kuwa kunya ce ke tsakaninsu a gaban mutane, har ta kai mace ba ta kiran sunan mijinta sai ta ce maigida ko malam. Saboda haka salon ya fi samun shiga ta hannun Indiya, wadda fina-finanta suka fara mamaye gidajen sinima na Arewa daga shekarun 1950, kuma suka san yadda ake nuna shaƙuwa ba tare da an keta kunya ba. Misali mafi kyau na irin wannan fim a Bombay shi ne Chalti Ka Naam Gaadi na 1958, wanda Satyen Bose ya ba da umarni, inda 'yan'uwa uku na gaske, Ashok da Anoop da Kishore Kumar, suka fito a matsayin makanikai masu gudun mata, har ranar da motar wata budurwa, wadda Madhubala ta fito a matsayinta, ta lalace da dare cikin ruwan sama. Gawar da aka jefar a titi da makircin masu farautar dukiyar mata su ne ƙashin labarin, amma tsokanar da Powell da Loy suke yi da hira, Kishore da Madhubala da waƙar S. D. Burman suke yinta, kuma su sun yi aure a 1960, Madhubala ta rasu a 1969. 

Matan Kano sun sadu da wannan salo ne a cikin gida, ta talabijin da kaset ɗin bidiyo, kuma su ne suka zama manyan masu sayen fina-finan Hausa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Masu shirya fim sun gano da wuri abin da MGM ta gano, cewa jarumi da jarumar da suka dace da juna jari ne, kamar yadda haɗuwar Ali Nuhu da Fati Muhammad a Sangaya ta nuna. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana namiji da mace taɓa juna a fim, sai nauyin nuna shaƙuwa ya koma kan kallo da kalami da waƙa. Holiwud ma ta yi aiki a ƙarƙashin irin wannan takunkumi, domin an fara tilasta dokar tace fina-finanta da gaske a Yulin 1934, 'yan makonni bayan fitowar The Thin Man, kuma a ƙarƙashin dokar aka yi sauran fina-finai biyar na Nick da Nora, inda ma'auratan suke kwana a gadaje biyu.