Daga Majigi Zuwa Simuleta: Tarihin Ƙayyade Hotuna a Sakan Ɗaya

Duk wanda ya taɓa ɗora manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfutarsa, irin su Microsoft Flight Simulator ko X-Plane, zai ci karo da wani saiti mai ɗaure kai. Wuri ne da ake ƙayyade yawan hotunan da kwamfutar za ta zana a sakan ɗaya, abin da 'yan gem ke kira FPS. Mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, sannan a ce ya taka mata birki da hannunsa? Amsar tana cikin tarihi, domin kusan shekara ɗari ke nan injiniyoyi suna koyon darasi guda: idon ɗan Adam ya fi damuwa da daidaiton zuwan hotuna a kan yawansu.

Majigi ne ya fara koyar da darasin

Dattawa a ƙasar Kankiya da Kusada ba baƙin majigi ba ne, motar nan da ke zuwa gari bayan magariba a kafa farin ƙyalle a fili. Babu abin da ke motsi a jikin ƙyallen. Hotuna ne tsayayyu ke wucewa ɗaya bayan ɗaya da sauri, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa su ta ga motsi.

A zamanin fim marar magana, da hannu ake juya kyamara, don haka saurin ya danganta da hannun mai juyawa: wani hoto 16 a sakan, wani 20, wani fiye. Da fim mai magana ya shigo a 1927 sai lissafi ya canja. Idan saurin faifan ya yi sama ya yi ƙasa, muryar ɗan wasa za ta riƙa sirancewa tana kauri. Dole aka tsayar da lamba ɗaya, wato 24 a sakan, kuma a kanta sinimar Rex ta Kano, wadda aka buɗe a 1937, ta samu duniya. Wannan ce ƙayyadewar farko, kuma ba don 24 ta fi kowace lamba kyau aka zaɓe ta ba. Abin da ake nema shi ne ta zauna daram.

Talabijin ma haka. Injiniyoyinta sun ɗaure saurin hoto da bugun wutar lantarki. A Ingila da Najeriya wuta na bugawa sau 50 a sakan, sai aka samu hoto 25. A Amurka sau 60 ne, sai aka samu 30. Gadon Amurka ne ya bi allon kwamfuta, shi ya sa yawancin laftof ɗin da ke kasuwanninmu allonsu ke sabunta kansa sau 60 a sakan. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Jirgin da ba ya tashi

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 wasu jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A lokacin, hanyar koyon tuƙi ita ce ka hau jirgin gaske, kuskurenka kuma ka biya shi da ranka. Shekara huɗu bayan haka, a 1929, wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai siffar jirgi. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, sai ya ɗauko dabarar zugazugin da ke cikinsu ya sa akwatin yana karkata hagu da dama idan an taɓa sandar tuƙi. Ba a kula shi sosai ba sai 1934, lokacin da aka ɗora wa sojan saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka mutu, galibi saboda mummunan yanayi. Nan aka sayi akwatin guda shida, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera fiye da 10,000.

Akwatin Link ba shi da hoto ko ɗaya. Rufe ɗalibi ake yi a ciki ya dogara da agogunan gabansa. Daga baya ne aka riƙa gina ƙaramin samfurin gari da filin jirgi a kan katako, kyamarar talabijin tana bin samansa gwargwadon yadda matuƙi ya juya sanda. A shekarun 1970 kwamfuta ta karɓi aikin zanen, ta fara da ɗigo-ɗigon fitilun filin jirgi na dare, don shi ne abin da ƙarfinta zai iya.

A nan sabuwar matsala ta ɓullo. Fim an riga an ɗauke shi, nunawa kawai ake yi. Simuleta kuwa sai matuƙi ya motsa hannu sannan kwamfuta ta lissafa ta zana. Idan hoton ya makara, matuƙi zai ɗauka gyaransa bai yi ba ya ƙara, sai jirgin ya wuce gona da iri, ya dawo da shi, ya sake zarcewa. Ga kuma jiri da tashin zuciya, saboda ido na faɗin abu ɗaya, ma'aunin da ke cikin kunne na faɗin wani. Shi ya sa a shekarun baya hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta sa doka cewa a manyan simuletoci jinkirin kada ya wuce milisakan 150, wato kashi 150 cikin dubu na sakan. Kamar ba komai, ko? To Boeing 737 da ke shirin sauka yana cin kusan mita 70 a sakan, ka ga a wannan ɗan ƙiftawar ya ci fiye da mita 10.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana da simuletar Boeing 737 ƙirar kamfanin CAE na Kanada. Matuƙan jiragen fasinja kan koma irin wannan na'ura duk bayan kimanin wata shida a gwada su da mutuwar inji da hazo da wuta, kuma an daɗe namu suna fita ƙasashen waje da dala don yin haka. Irin waɗannan na'urori galibi a kan hoto 60 a sakan ake kafa su, ba hawa ba sauka.

Yadda abin ya shigo ɗaki

A wajajen 1980 Bruce Artwick da kamfaninsa subLOGIC suka fitar da simuleta ta kwamfutar Apple II, sannan a 1982 Microsoft ya fitar da tasa ga kwamfutar IBM. Layuka ne kawai a allo, hotunan da ke fita a sakan ba su kai goma ba. Tun daga nan masu sha'awa suka ɗauki yawan FPS a matsayin abin alfahari.

Amma mu koma ga allo mai 60. Yana neman sabon hoto duk bayan milisakan 16.7. A ce kwamfutarka tana iya 45. Tunda 45 ba ta raba 60 daidai, wani hoton zai zauna milisakan 16.7, na bayansa 33.3, ba tsari, sai ka ga titin sauka yana tahowa da ɗingishi. Idan kuma ka bar ta ta tura hoto duk sanda ta gama, allon zai nuna rabin tsoho da rabin sabo, hoton ya zama kamar an yage shi. Ka ƙayyade ta a 30 kuwa, kowane hoto zai zauna milisakan 33.3 cif, sai 30 ta fi 45 santsi a ido. Kamfanin Nvidia a 2013 da AMD a 2015 sun fito da allon da ke jiran kwamfuta maimakon ita ta bi shi, wato G-Sync da FreeSync, amma ba kowa ke da su ba.

Ga matashin da ke Sukuntuni ko cikin garin Kankiya akwai ƙarin dalili. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40. Laftof ɗin da aka sakar wa linzami zai yi ta aiki da iyakar ƙarfinsa har ya ɗau zafi, sannan ya rage gudun kansa don kada ya ƙone. Ka tashi lafiya lau a kan 55, ka zo sauka a Katsina ko Kano, inda gine-gine suka fi yawa a zana, ka tarar kana 22. Ga batir ko sola da ake lallaɓawa sun zuƙe. Ƙayyadewa na barin na'urar ta riƙa numfashi tsakanin hoto da hoto.

To wace lamba za ka sa? Ka je filin jirgin da ya fi wahalar da kwamfutarka, ka duba mafi ƙanƙantar lambar da take bayarwa, ba mafi girma ba. Idan ba ta sauka ƙasa da 60, ka sa 60. Idan tana yawo tsakanin 35 da 55, ka sa 30. Akwai farashi, domin 30 ta fi 60 jinkirin amsa hannu, amma jinkirin da ba ya canjawa hannu na sabawa da shi. Idan 30 ɗin ma ta gagara, sai ka rage gajimare da inuwa da yawan gine-gine, kada ka bari ta faɗi ƙasa da 20, domin a X-Plane daga nan agogon simuletar kansa ke fara tafiyar hawainiya, jirginka ya riƙa cin tazara ƙasa da abin da ma'aunin gudunsa ke nunawa.