Yadda aka koyi auna batirin haidurojin

Tun da kamfanin Shell ya rufe gidajensa na sayar da haidurojin ga ƙananan motoci a Kalifoniya a farkon 2024, gardama ta sake tashi. Masu son motar da ake yi wa caji suna cewa ta haidurojin ta mutu, magoya bayanta suna cewa da sauran magana. Kowa tsadar iskar yake ambata. Ba a cika tuna abin da ya fito da batirin haidurojin daga ɗakin gwaji ya ɗora shi kan titi ba, wanda a ganina shi ne ilmin awonsa.

Asalin abin ya daɗe. A 1839 William Grove, wani lauya ɗan Birtaniya, ya nuna cewa haidurojin da oksijin suna ba da lantarki da ruwa idan filatinam ya shiga tsakani. Daga nan aka yi ta jan ƙafa fiye da shekara ɗari, har Francis Bacon ya nuna nasa batirin a 1959, sannan kumbunan Gemini da Apollo na Amurka suka tashi da irin wannan batir, wanda ba a yi masa caji, iska ake ɗura masa.

Bisa lissafi, ƙwaya ɗaya ta batirin ya kamata ta ba da volt 1.23, amma idan tana aiki ba ta cika wuce 0.7 ba. Ina saura ya tafi? Hanyar farko ta neman amsa ita ce a riƙa ƙara jan lantarki kaɗan-kaɗan ana rubuta yadda ƙarfin yake faɗuwa. Da fari yakan faɗi da sauri saboda oksijin yana da nawa wajen haɗuwa, abin da lissafin Julius Tafel na 1905 yake bayyanawa. Sai ya gangara a hankali saboda turjiyar tantanin da ke tsakiya, a ƙarshe ya rufta idan iska ta kasa isa.

Matsalar wannan awo ita ce jimillar asara kawai yake nunawa. Tantanin yana buƙatar danshi. Idan ya bushe, ƙarfi ya faɗi. Idan ruwa ya yi yawa ya toshe ƙofofin iska, ƙarfi ya faɗi. Alama ɗaya ce, magani kuwa kishiyar juna, kuma injiniyan da ya yi kuskuren zaɓi zai ƙara lalata abin.

Awon turjiya ne ya raba gardamar. Ana aika wa batirin ɗan ƙaramin lantarki mai kai-komo, daga sau dubbai a daƙiƙa har ƙasa da sau ɗaya, a ga yadda zai amsa, kamar mai sayen tukunya da ke ƙwanƙwasa ta don ya ji ko da tsaga. Mai sauri yana nuna halin tantani, matsakaici yana nuna aikin filatinam, mai jinkiri kuma tafiyar iska. Emil Warburg ya aza harsashin lissafin a 1899, Archie Hickling ya ƙera na'urar riƙe ƙarfin lantarki a 1942, John Randles ya zana misalin da ake fassara sakamako da shi a 1947. A 1996 Thomas Springer da abokan aikinsa na ɗakin binciken Los Alamos, ciki har da Shimshon Gottesfeld, suka wallafa aikin da ya ɗora hanyar a kan batir mai tantanin roba. Tana da rauninta, domin sakamako ɗaya yakan karɓi fassara fiye da ɗaya, shi ya sa ba a dogara da ita ita kaɗai.

Wasu suna ba tantanin Nafion da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro dukkan yabo. Ban yarda ba: tun shekarun 1960 yake nan, amma mota ba ta fito kasuwa ba sai bayan shekaru masu yawa. Wasu kuma suna cewa rage filatinam ne sirrin. Gaskiya ne, sai dai wa zai rage shi bai san nawa ne yake aiki ba? Wannan ma awo ne: a cire iska a sa naitirojin, a riƙa ɗaga ƙarfin lantarki ana sauke shi, a ƙirga cajin haidurojin da ya manne, kusan maikurokulom 210 a kowane murabba'in santimita na filatinam.

Da Toyota ta fito da Mirai a 2014, ba ta sa mata na'urar ƙara danshi ta waje ba. Motar tana auna turjiyar batirinta tana daidaita ruwan ciki. Yanzu hankali ya koma kan manyan motocin dakon kaya, inda ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa burin samun batir mai yin awa 25,000. Babu mai jiran wannan dogon lokaci kafin ya ga sakamako, don haka ana gajiyar da batirin da gangan a ɗakin gwaji, ana auna filatinam ɗin da ya rage bayan kowane zango.