Dalilan Ƙunci da Figar Gashi ga Akun Gida: Nazari Bisa Yanayin Mungadi da Kewaye

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa akun da ake kiwo a keji ya shiga ƙunci har ya riƙa fige gashin jikinsa, ta kuma auna su da yanayin Mungadi, Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. Matsayarta ita ce yawancin matsalar daga salon kiwo take tasowa.

Gabatarwa

Aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda aka san shi da kwaikwayon magana, ɗan kurmi ne. Asalinsa dazuzzukan Kuros Riba, Kamaru da Kwango, inda yake yawo cikin garke, yana kwashe sa'o'i yana neman abinci, musamman kwakwar manja. Kaifin basirarsa ya tabbata a aikin Irene Pepperberg ta Amurka, wadda akunta Alex ya riƙe kalmomi sama da 100 kafin mutuwarsa a 2007. Tsuntsu mai irin wannan ƙwaƙwalwa ba ya jure zaman banza.

Alamomi

Mai fama da ƙunci yakan rage magana da ci, ya takure wuri guda, ko ya yi ta kai da komowa a kan sanda. Daga nan sai figa ta biyo baya: ƙirji, cinyoyi da ƙarƙashin fukafukai su zama fata tsirara, amma gashin kai na nan lafiya lau, domin baki ba ya kaiwa can. Idan har kan ya yi sanƙo, likitoci sukan zargi cutar baki da gashi, wadda ƙwayar bairas ke haddasawa.

Dalilai

Na farko shi ne kaɗaici. Wani bincike da aka yi a Biyana ta Ostiriya a 2014 ya gano cewa ƙwayoyin halittar akun da ke zaune shi kaɗai suna nuna alamun tsufa da wuri fiye da na mai abokin zama. A shekarar dai, binciken Jayson da abokan aikinsa a Birtaniya ya samu figar gashi a kusan kashi 39 cikin ɗari na masu launin tokar da aka nazarta.

Na biyu rashin aikin yi. A Jami'ar Utrecht ta Holan, Lumeij da Hommers sun nuna a 2008 cewa ɓoye abinci cikin bututu, yadda sai tsuntsu ya yi fama kafin ya ci, yana gyara gashin masu figa.

Na uku abinci. A yankin da gero, dawa da gyaɗa suka fi sauƙin samu, akan tsayar da aku a kansu kawai, alhali suna da ƙarancin bitamin A da sinadarin kalsiyam, gyaɗa mai fumfuna kuma tana cutar da hanta da huhu.

Na huɗu ya fi shafar Mungadi kai tsaye. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan busar da iska ƙwarai, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Fatar da ta saba da danshin kurmi sai ta bushe ta kama ƙaiƙayi, balle idan an rataye kejin kusa da hayaƙin murhu. Tsirya, wadda 'yar ƙasa ce, ta fi aku jure wannan yanayi.

Kammalawa

Mai aku ya fara da kai shi ga likitan dabbobi domin a tantance cuta. Bayan haka ya faɗaɗa keji, ya sanya rassan da zai gwaigwaya, ya yayyafa masa ruwa a kai a kai, ya ƙara masa gwanda, mangwaro da karas, ya bar shi ya samu barcin dare cikin duhu da natsuwa. Wanda bai riga ya saya ba kuwa ya haƙura, domin tun 2017 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin akun toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.