Hutun Ciwo da Hutun Haihuwa: Wa Ke Biya?



Na san wani zai yi mamaki, ya ce me ya haɗa malamin Hausa da dokar ƙwadago? Abin da ya haɗa mu kalma ce, wato "hutu". Idan ma'aikaci ya kwanta ciwo, ko ma'aikaciya ta haihu, sai mu ce sun tafi hutu, alhali kuwa mai zazzaɓi da mai jego babu wanda ke hutawa a cikinsu. Ainihin abin da ake nufi shi ne mutum ya bar wurin aiki saboda lalura, a ci gaba da biyan sa, kuma ya dawo ya tarar da gurbinsa. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, tarihin wannan hakki duk ya ta'allaƙa ne a kan tambaya ɗaya: daga aljihun wa kuɗin za su fito?

Kafin Aikin Albashi

A ƙasar Hausa ta dā wannan tambaya ba ta taso ba, domin gida shi ne wurin aiki. Idan ɗaya daga cikin 'yan gandu ya kwanta, sauran su yi noman, kuma ba a rage masa tuwo. Idan maigida ne ya kasa, a kira gayya. Mace kuwa al'ada ta ware mata kwana arba'in na jego, tana wanka, tana shan kunun kanwa, an ɗauke mata daka da girki. Idan haihuwar fari ce ma, gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Ashe ke nan nauyin ciwo da na haihuwa a kan dangi da maƙwabta ya rabu.

Aikin lada ne ya warware wannan tsari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma buɗe ramukan kuza a Jos, sai aka sami mutanen da ke nesa da gandu, abincinsu na kwana yana rataye da aikin yini. Ranar da lebura bai fita ba, babu ko anini. Turawa sun riga mu faɗawa wannan hali da shekaru da dama, don haka daga can ne za mu ɗauko labarin.

Jamus da Ingila

Matakin farko da ƙasashen Turai suka ɗauka hani ne kawai. A 1877 Suwizalan ta hana masana'antu sa mace aiki a makonnin da ke kewaye da haihuwarta, a 1878 Jamus ta hana har mako 3 bayan haihuwa. To amma ba a tanadi ko kwabo ba. Matar da aka ce ta zauna gida ba a ba ta abin tuwo ba, ai an ƙara mata wahala ne.

Gyara ya zo a 1883, lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kafa dokar inshorar ciwo. Ma'aikaci yana zuba kashi biyu cikin uku na kuɗin asusu, mai ma'aikata yana zuba kashi ɗaya. Wanda ya kwanta a yi masa magani, a kuma ba shi rabin ladansa har mako 13. Kada mu ɗauka tausayi ne zalla ya sa Bismarck yin haka. Shi ne a 1878 ya sa aka haramta ƙungiyoyin 'yan gurguzu, kuma yana neman janye zukatan ma'aikata daga gare su. Duk da haka ya bar wa duniya wata dabara mai kama da adashi: kowa ya zuba kaɗan, wanda lalura ta faɗa wa ya ɗauka.

Ingila ta biyo baya a 1911 a ƙarƙashin Lloyd George, ministan kuɗi. A kowane mako ma'aikaci namiji ya ba da kwabo huɗu, mai ma'aikata taro, gwamnati kwabo biyu. Idan ya kwanta ciwo ana ba shi sule goma a mako, idan aka yi masa haihuwa sule talatin. A nan sai ga gwamnati ta shigo ta zama ta uku cikin masu zubi.

Dokar Duniya

Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919. A taronta na farko a Washinton aka amince da yarjejeniya ta uku, wadda ta ba ma'aikaciya mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da izinin rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Abin lura shi ne, yarjejeniyar ta ce kuɗin su fito daga baitulmali ko daga asusun inshora. Da aka sake duba ta a 1952 sai aka fito fili aka ce kada a ɗora wa mai ma'aikata nauyin shi kaɗai. A 2000 aka ɗaga wa'adin zuwa mako 14.

Me ya sa aka kafe a kan haka? Dalili a bayyane yake. Idan mai kanti ya san shi zai biya yarinya albashin wata uku tana gida, ranar ɗaukar ma'aikata namiji zai zaɓa. Dokar da aka yi don kare mace sai ta zama sanadin rufe mata ƙofa.

Daga nan ƙasashe suka rabu hanya. Suwidin a 1974 ta zama ta farko da ta mai da hutun haihuwa na iyaye biyu, wata 6, uwa da uba su raba yadda suka ga dama, asusun ƙasa yana biya. Amurka kuwa sai a 1993 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da ta ba da mako 12 don haihuwa ko jinyar kai ko ta iyali, amma ba albashi, kuma ba ta hau kan ma'aikatar da ba ta kai mutum 50 ba. Wanda ba shi da ajiya, wannan izini bai amfane shi da komai ba.

Namu na Gida

Mu a Nijeriya, Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda aka yi zamanin Janar Gowon, ita ce ginshiƙi. Ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da cikakken lada idan likita ya shaida ba shi da lafiya. Ta ba mace mako 6 kafin haihuwa da 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 a wurin aikin, da rabin awa sau biyu na shayarwa. Duk wanda ya biyo ni zai ga cewa adadin makonnin nan na 1919 ne. Mun ɗauki makonnin, muka bar asusun, domin dokarmu kan mai ma'aikata ta ɗora biyan.

Maƙwabtanmu na Nijar wata hanya suka gada. Dokar ƙwadago da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka a 1952, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyin ma'aikatan Afirka ta Yamma, ta ba da mako 14, kuma a can asusun kula da ma'aikata na ƙasa yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Ga Maraɗi ga Katsina, jego iri ɗaya, doka iri biyu.

Ma'aikatan gwamnati sun sami ƙari daga baya. Jihar Legas a 2014 ta ba mata wata 6, maza kwana 10. Gwamnatin Tarayya ta mai da na mata mako 16, a 2021 kuma ta amince wa magidanta kwana 14. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Amma mu dubi waɗanda ke waje: malamar makarantar kuɗi, da mai jiran kanti, da yaron mota, da birkila, da mai awara a bakin titi. Su ne mafi yawa, kuma yawancinsu sun bar inuwar gandu, ba su shiga ta doka ba. Na san wata malama a wata makarantar kuɗi da ta koma aji ko arba'in ba ta yi ba, don an gaya mata in ta ƙara mako za a ɗauki wata. Ba ta san doka ta hana a sallame ta a wannan hali ba, ko da ta sani ma, ba ta da ƙarfin shari'a.

Kammalawa

Darasin da tarihi ya ba mu guda ne. Duk inda hutun ciwo da na haihuwa ya zauna da gindinsa, za ka tarar an raba nauyinsa a kan jama'a, ko gandu da gayya a wurin kakanninmu, ko asusun Bismarck, ko na Suwidin. Duk inda aka bar shi a kan mutum ɗaya, ko ma'aikaci ko mai ma'aikata, sai ya tsaya a takarda. Bahaushe ya riga ya faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan da ke nan, musamman masu tsara takardun majalisa, da ku ɗalibai da za ku gaje su, idan an zo maganar ƙara makonni, ku tambayi inda asusun yake, da wa zai zuba, da yadda mai awara za ta shiga cikinsa. Ƙarin makonni ba tare da amsar wannan ba, 'yan ofis kaɗai zai amfana.

 Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya.