Koke-koken ƙasa da ƙasa kan tsare shugabannin ƙwadago a Najeriya (1994–1998)

Koke-koken ƙasa da ƙasa kan tsare shugabannin ƙwadago a Najeriya ƙorafe-ƙorafe ne da ƙungiyoyin ma'aikata na duniya suka shigar a gaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, da ke Geneva, suna zargin gwamnatin Janar Sani Abacha da muzguna wa shugabannin ma'aikata. Sunayen da suka fi fitowa a cikinsu su ne Frank Kokori, babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, da Milton Dabibi na ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN.

Asali

A watan Yuli na 1994 NUPENG ta shiga yajin aiki, PENGASSAN ta bi sahu. Babbar buƙatarsu ba ta albashi ba ce: sun nemi a saki Moshood Abiola, a kuma amince da zaɓen 12 ga Yuni 1993 da sojoji suka soke. Direbobin tankar mai 'yan NUPENG ne, kuma su ke kai mai daga defo zuwa garuruwa irin su Sakkwato da Illela a bakin iyakar Nijar, shi ya sa yajin wannan ƙungiya ba ya tsayawa a kudu. Ƙasar ta shafe makonni cikin ƙarancin mai.

A watan Agusta gwamnati ta rushe shugabancin NUPENG da PENGASSAN da na uwar ƙungiya NLC, ta hanyar dokokin soja masu lamba 9 da 10 na 1994, ta naɗa kantomomi a madadinsu. A cikin watan aka kama Kokori a Legas, aka kai shi gidan yarin Bama a jihar Borno, nesa da iyalinsa. An kama Dabibi a watan Janairu na 1996. Babu ɗayansu da aka gurfanar a gaban kotu.

Koke-koke a ILO

Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin ILO masu lamba 87 da 98 tun 1960, waɗanda ke kare 'yancin kafa ƙungiya da na yin ciniki da ma'aikata a ƙungiyance. A kan wannan ne gamayyar ICFTU mai hedkwata a Brussels da wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara. Kwamitin ILO mai kula da 'yancin kafa ƙungiya ya yi ta kiran a saki mutanen, a soke dokokin, a bar ma'aikata su zaɓi shugabanninsu. Amnesty International kuma ta ayyana Kokori da Dabibi a matsayin waɗanda aka tsare saboda ra'ayinsu. Gwamnati ta kafe a kan cewa yajin na siyasa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, sai dai bai amsa tambayar da ake yi mata ba, wato dalilin tsare mutum shekaru ba tare da shari'a ba.

A watan Maris na 1998 hukumar gudanarwar ILO ta yanke shawarar kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin sashe na 26 na kundin tsarinta. Wannan shi ne bincike mafi girma da ILO ke yi, ba kasafai ake kai wa gare shi ba. Irinsa aka yi wa Poland bayan murƙushe ƙungiyar Solidarity.

Sakamako

Kwamitin bai kai ga kammala aikinsa ba. Abacha ya rasu a ranar 8 ga Yuni 1998, kuma cikin wannan watan Janar Abdulsalami Abubakar ya saki Kokori da Dabibi. Daga baya aka soke dokokin 9 da 10, NLC ta zaɓi Adams Oshiomhole shugaba a 1999. Kokori ya rasu a ranar 7 ga Disamba 2023, ranar da ya cika shekara 80.