Gawasa da Sunan da Turawa Suka Raɗa Mata

Mu da muka taso tsakanin Tambuwal da Kebbe mun san gawasa tun muna sayenta da canjin aike. Kafin ka hango tiren mai talla, ƙamshinta ya riga ya iso. Ka ɓare bayanta, ka gwagwiyi naman nan mai gari-gari, sannan ka nemi dutse ka fasa ƙwallon don ɗan man da ke ciki. Amma da za a tare mu a tambaye mu sunanta da Turanci, yawancinmu sai dai mu sosa ƙeya.

Sunan shi ne gingerbread plum, kuma yana da tarihi. A 1821 wata ƙungiyar masu lambu ta Landan ta tura wani matashi ɗan Sikotilan, George Don, ya tattaro tsirrai a gaɓar Afirka ta Yamma. Ya sauka Saliyo, ya ɗanɗana 'ya'yan itatuwan ƙasar, ya rubuta bayaninsu. A 1824 sakataren ƙungiyar, Joseph Sabine, ya wallafa wannan bayani, ya sa wa gawasa sunan kimiyya Parinarium macrophyllum, wato mai manyan ganye. A shekarar nan ce Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, zamanin da Buhari ɗan Shehu yake riƙe da Tambuwal. Yayin da ake raɗa mata suna a Landan, nan ƙasar ta daɗe da nata. Daga baya masana suka sauya mata gida zuwa Neocarya macrophylla. Shi kuwa Don, ɗinyarmu ce ta gaji sunansa, domin Vitex doniana ake kiranta.

Mu duba sunan da kyau. Gingerbread wani burodi ne mai zaƙi da ake yi da citta a Turai, plum kuwa ɗan itacen ƙasarsu ne. Baƙo ya ga abin da bai sani ba, sai ya kwatanta shi da abincin gidansu. Shi ya sa goriba ma suka kira bishiyarta gingerbread palm. Haruffa biyu na tsakiya kawai suka bambanta tsakanin plum da palm, alhali ko yaron goye ba zai haɗa gawasa da goriba ba. Bazabarme yana kiranta gamsa, kuma sunansa ya fi na Bature kusa da namu.

Wanda ya haɗa sunayen biyu a takarda shi ne wani likita, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 ya biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daga bakin manoma da mafarauta da masu magani ya samo sunayen, mutanen da ba a rubuta nasu sunan ba.

To ina ruwan marubuci? Buɗe littattafan da muke rubutawa yau. Jaruma tana zaune a falo, an yanka mata tuffa da inabi, ko da labarin a Dogon Daji ko Kuchi aka gina shi. Gawasa, taura, kanya, tsada da magarya sun zama abin kunya a alƙalaminmu. A daji kuma gatari da buhun gawayi suna cin itatuwa. Idan bishiya ta faɗi, sunanta kuma bai shiga littafi ba, jikokinmu za su koma ƙamus ɗin 1916 su koyi Hausar kakanninsu daga Bature.

Ba laifi mu san gingerbread plum, musamman masu fassara. Amma a labarin Hausa a bar gawasa ta zama gawasa, ko fassara za a yi a bar ta da sunanta, jimla ɗaya ta bayyana ƙamshinta. Aikinmu na wannan mako: kowa ya je wurin wani tsoho a gidansu, ya rubuto sunayen 'ya'yan itatuwan daji goma, da lokacin nunarsu da yadda ake cin su, ya saka ɗaya a labarinsa na gaba. Allah Ya ƙara mana basira.